Lallen Inna

Bunkure

Assalamu alaikum, Yaya Suhaibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da jikin tsufa, ya aikin rani? Wayata ta faɗa ruwan kanal, shi ya sa na ba Sammani mai adaidaita wannan takarda.

Mun tare a sabon gida, tsakar gidan fetal kamar filin idi. Ina son ɗan lambu a bayan madafa. Tunda kai ne sarkin noman gidanmu, me zan shuka yanzu da sanyi ya kama? Sannan ka karyo mini reshe a jikin lallen Inna, wanda ta taho da shi daga gidan Kaka. Ina so ya tsaya a gidana ni ma.

Ka gaida Inna da su Fa'iza.

Ƙanwarka,
Mansura

Kura

Wa alaikumus salam, Mansura,

Kowa lafiya. Kin tambayi inda ya dace, don duk layinmu ba wanda ya kai ni tumatir bana.

Sanyi na latas ne da karas da albasa da tumatir. Kuɓewa da rama ki bar wa damina. Ki yi renon irin a tsohon baho, amma ki huda gindinsa, kada ki jiƙa su kamar shinkafa. Dashe da yamma ake yi. Taki sai wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake. Ki kuma yi shinge, na san awakin Bunkure ba su da tarbiyya.

Reshen lalle kuwa ba yanzu ba. Inna ma ta ce in karyo miki, na hana. Sai ruwan farko ya sauka. Ƙwari ma sun kama shi, gobe in na dawo daga gona zan yi masa feshi. Ki bar wa manya aikinsu.

Yayanki,
Suhaibu

Kura

Salam, Mansura,

Da fatan kina lafiya. Ban jira amsarki ba, don abin ya ƙi barina.

Na kashe lallen Inna. Tankin da na yi feshin maganin ciyawa da shi a gonar shinkafa, shi na zuba wa maganin ƙwari ban wanke ba. Ni da nake wa 'yan ƙwadago faɗa a kan wannan! Ganyen ya nannaɗe, ya zube. Na kankare ɓawon har ƙasa, babu kore ko kaɗan. Da na ba ki reshen nan da kika roƙa, da yanzu akwai iri.

Abin da ya fi ci mini rai, kin san idon Inna ya yi rauni. Kullum da safe sai ta lallaɓa da butarta ta ba shi ruwa. Ta tambaye ni, na ce sanyi ne, zai tofo da bazara. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Wallahi kunya ta sa na koma karyawa a gona, don kada in gan ta tsugune a gindin busasshen itace.

Don Allah kada ki faɗa mata. Ki yafe ni.

Suhaibu

Bunkure

Wa alaikas salam, Yaya,

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yafe.

Ba ni da abin da zan faɗa wa Inna. Ranar kasuwa na biyo ta gida kana gona. Ta ce tun ranar feshin ta ji warin maganin ciyawa, ita da ta tsufa tana wanke wa Baba rigar gona. Na ce to ruwan na mene ne? Ta ce, "In na daina, zai san na sani. Da wane ido zai shigo gaishe ni?" Ta ce kada in gaya maka, ga shi na gaya.

Latas ɗina ya fito, shawararka ta yi. Gobe ka karya a gida, Yaya. Ka karɓi butar nan a hannunta, gwiwarta ciwo take.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Mansura