An Ga Baffa Kallamu

Zuwa ga Yayana Madu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Hamsatu da yara. Allah ya tsare ku a Fatakwal, ya yi wa nema albarka. Mu nan Makoda lafiya lau, sai tsadar abinci da ta ishi kowa. Amma gero ya yi kyau bana, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana fita barka.

Yaya, ka kwantar da hankalinka, an ga Baffa Kallamu. Wata bakwai ke nan muna nemansa, tun da aka rushe gidan da yake haya a Ungogo. Ranar waccan Talatar maigidana Malam Sama'ilu ya ɗauki zakkar geronmu a babur ya kai wani gida a bayan kasuwa. Tsohon siton gyaɗa ne, mutanen gari suka haɗu suka gyara shi domin waɗanda ba su da wurin kwana. Yana sauke buhu sai ya ji wani dattijo yana faɗa wai an karkata masa zanen hula, da Hausar nan tasa ta Barebari. Ya ce tun bai juya ba ya san Baffa ne.

Washegari da safe na je. Ya rame, amma tsaf yake cikin wankakkiyar riga. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, ni kuwa kuka ya hana ni gaishe shi. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa wurinmu, ya ga kowa da kansa yake ji a wannan zamani. Ya yi ta kwana a rumfunan kasuwa da tasha, har zazzaɓi ya kayar da shi da damina, wani direba ya ɗauko shi ya kawo shi can. Na zaga gidan da kaina. Maza da ɓangarensu, mata da nasu. Ana dafa abinci sau biyu, malamar asibiti tana zuwa Litinin da Alhamis, har katin ɗan ƙasa da ya ɓace masa a can aka taimaka ya samu wani. Ba a cewa mutum je ka wancan ofis, komai a wuri guda yake.

Na roƙe shi ya biyo ni, na ce ɗakin zaure ma an share. Ya ƙi. Wai mutum huɗu yake koya wa ɗinkin hula, ɗaya har ya fara kai nasa kasuwa, idan ya tafi wa zai duba musu? Ya ce a gidana zama kawai zai yi a miƙo masa kwano. Raina ya ɓaci, ban ɓoye maka ba, sai Malam ya ce in duba fuskarsa, rabon da a ga Baffa da walwala haka tun rasuwar matarsa. Muka daidaita zai riƙa zuwa mana duk Juma'a, kuma ya zo, ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Abin da nake roƙonka, idan ka kira shi ta wayar gidan kada ka yi faɗa, nauyinka ya fi ji. Hajiya Barira mai kula da gidan ta gaya mini ranar da aka kawo shi gidan cewa ya yi ba shi da kowa a duniya. Jiya kuwa da kansa ya same ta ya ce a gyara abin da aka rubuta, ba gaskiya ya faɗa ba. Cikin danginsa sunanka ya fara bayarwa.

Ka gaishe mini da Hamsatu da Usaini da Asiya. Inna da Malam suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kaltume