Lamba ta 214 a Rajistar Maɗinka

Litinin, 3 ga Maris

Sakataren ƙungiyar maɗinka ya kawo min rajistocinsu har ofis, guda huɗu, ɗaure da ƙyalle. So suke in mayar da su rumbun bayanai a kwamfuta. Abokin marigayi Baba ne, ba ni da bakin ce masa a'a. Ya ce, "'Yata, mu dai a danna a ga sunan mutum, shi ke nan." Wai shi ke nan!

Laraba, 5 ga Maris

A takarda na fara zanawa. Jadawalin farko na mambobi ne: lamba, suna, ranar shiga, shago. Lambar ce za ta bambanta kowa, don na riga na ci karo da mutum uku masu suna ɗaya sak. Lambobin waya na ware musu nasu jadawalin, a ɗaure su da lambar mamba. Maɗinki ɗaya sai ka same shi da waya uku, ranar da kayanka ke hannunsa kuma duk a kashe.

Alhamis, 6 ga Maris

Rajista ta uku, shafi na sha ɗaya. Lamba 214. Yaya.

Sa hannunsa ne, da doguwar wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe. A ƙasa Baba ya sa nasa a matsayin mai tsaya masa. Shekara shida ke nan da suka yi cacar baki a shago, Yaya ya ɗauki jaka ya fita. Ko da Baba ya rasu bai zo ba. Na rufe littafin na je na wanke fuska.

Asabar, 8 ga Maris

Shugaban ƙungiya yana so gurbin matsayi ya zama uku: yana nan, ya bari, ya rasu. Na ce wanda ba a san inda yake ba fa? Ya ce, "A goge shi mana, me za a yi da shi?" Na ce ba a goge mamba, domin jadawalin halartar taro da na masu koyo duk a kan lambarsa suka rataya, in ka cire ta ka bar su ba uba. Gaskiya na faɗa. Amma ba saboda jadawali na kafe ba.

Ya yarda na ƙara na huɗu: ba labari.

Lahadi, 9 ga Maris

Umma ta sake fito da rigar da Yaya ya ɗinka mata lokacin yana koyo, mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta kakkaɓe, ta ninke, ta mayar. 

Talata, 11 ga Maris

A bayan rajista ta huɗu, da fensir: 214, sai wata lambar waya da ban sani ba, da kwanan watan bara. Rubutun Sakatare ne.

Na same shi a shago yana guga. Na ajiye masa shafin a gaba. Ya duba, ya jingine dutsen gugar.

"Shi ya ce kada in faɗa. Kunya ce ke cinsa, 'yata. Duk kiran da zai yi sai ya tambayi ciwon ƙafar Ummanku."

Na ce, "Kawu, shekara guda kana kallon mu?"

Ya ce, "Na yi alkawari. Amma littafin ai ni na kawo miki da hannuna."

Juma'a, 14 ga Maris

Gwaji. Na tura wa duk lambobin da ke jadawali saƙo ɗaya, har da waccan ta fensir: ƙungiya na tabbatar da lambobin mambobinta, a amsa da E. Mutum ɗari da tara suka amsa. Na ce ba zan duba ba. Na duba.

214: E.

Harafi ɗaya. Na fi minti goma ina kallon sa kamar hoto.

Litinin, 17 ga Maris

Da safe wani saƙon ya shigo daga gare shi: "Wa ke haɗa muku wannan aiki? Na san Sakatare bai iya tura saƙo ba."

Na rubuta masa doguwar magana, duk abin da na tara shekara shida. Na goge. Na rubuta, "Auta ce." Na tura.

Ba wai na huce ba ne. Tambaya ya yi, aka ba shi amsa.

Wayar na nan gefen kwamfuta. Na ƙure mata ƙara, don ofishin nan akwai hayaniya.