Tabaraun Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ba direban da ke kai miki saƙo wannan takarda ne saboda wayar gidan nan ɗaya ce, kuma kullum tana aljihun Baba.

Kin san tun rasuwar Mama aikin gida ya dawo hannuna. A makaranta malamar darasin kula da gida ta nuna mana cewa man goge baki yana fitar da datti iri-iri. Na gwada a kan famfo, ya yi ƙyalli. Na gwada a kofunan da shayi ya rina, da farin takalmina na makaranta, duk suka fita. Sai na ɗauko dutsen gugar shagon ɗinkin Baba, wanda gindinsa ya yi baƙi har yana ɓata kayan mutane, na goge shi tas. Baba ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya ce ashe Auta ta girma. Yaya, rabon da in ji magana irin wannan daga bakinsa tun Mama na da rai.

Washegari ya shiga wanka ya bar tabaraunsa a kan tebur, duk shatin yatsu da maiƙo. Na ce bari in ƙara masa da wannan. Na shafa man, na murza da tsumma iya ƙarfina, na ɗauraye. Da ya bushe sai na ga wani hazo-hazo a gilashin, kamar an hura masa numfashi, kuma ya ƙi fita. Na mayar da shi inda na ɗauka, na tafi makaranta.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Baba bai gane ba, don in ya cire tabaraun ba ya ganin abin da ke jikin gilashin, sai dai ya yi ta goge shi da bakin riga. Shi a zatonsa idonsa ne. Zare ya ƙi shigar masa allura. Shekaranjiya ya yanka yadin wata mata a karkace, ta tsaya a ƙofar shago ta faɗa masa maganganu, bai ɗago kai ba. Na ji yana ce wa Kawu abin gado ne, haka mahaifinsu ya fara kafin ya makance, kuma ba zai je asibiti a faɗa masa abin da ya riga ya sani ba.

Kullum ina shirya maganar a hanyar dawowa, amma da na gan shi sai bakina ya mutu. Ki faɗa min yadda zan yi. Don Allah kada ki kira shi.

Ki gaishe min da yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina tsakar wanki. Na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna na sake karantawa.

Ke dai akwai rawar kai. An ce miki famfo da kofi, wa ya aike ki wajen ido? Saura kaɗan ki bi Baban kansa da buroshi. Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma dariyar ba ta je ko'ina ba, don jiya Kawu ya kira ni. Ya ce Baba ya yi magana da telan da ke maƙwabtaka da shi, zai ba shi keken ɗinkin da teburin yanka ranar Asabar mai zuwa, ya mayar wa mai shago mabuɗinsa. Keken da ya shekara talatin yana takawa, Auta. Kin kuma san halinsa, in ya ba da abu ba ya waiwayarsa, ko da zai zauna hannu rabbana.

Sau biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. In ni na faɗa masa, ciwon zai zama biyu: an ɓata masa tabarau, kuma 'yar da ke gabansa sai da ta zagaya ta wani gari kafin magana ta iso shi. Daga bakinki ya kamata ya ji. Ba dukanki zai yi ba. Ni da na ƙona masa rigar mutane ina 'yar shekara tara, harara kawai na samu, Mama ce ta ja min kunne har sai da ya yi zafi.

Na ba ki zuwa Alhamis. In ban ji komai ba zan kira shi, ki ji haushina in kin ga dama.

Yara suna gaishe ki. Allah ya ba ki ƙarfin hali.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma gode miki. Na faɗa masa.

Da farko a takarda na rubuta, shafi guda cur, sai da na ninke ta na tuna ba zai iya karantawa ba. Na yayyaga ta.

Ranar Laraba daga makaranta na wuce shago, ko kaya ban canza ba. Na tarar yana zuba wa keken mai, ya naɗe almakasansa a tsumma. Maƙwabcinsa yana tsaye yana tsokanarsa, wai in ya huta ya riƙa zuwa yana koya masa yankan wuya, tunda shi har yau nasa wuyan kamar bakin tulu yake fita. Baba ya yi murmushi kawai. Na tsaya a bakin ƙofa har mutumin ya tafi.

Ban san yadda na fara ba. Na dai san a ƙasa nake kallo, kuma sai da ya ce in ɗaga murya, bai ji ba. Na maimaita tun daga dutsen guga. Ya cire tabaraun, ya shafa gilashin da babban yatsa, ya tambaye ni wace rana ce. Na faɗa. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga kwanakin.

Ya ce, "Tabarau abin kanti ne, Auta. Amma kwana goma sha tara kina kawo min abinci, kina kallona ina laluben allura?"

Ya rufe shagon ya ce in biyo shi. Muka je wajen mai tabarau, shi a gaba ni a baya. Mutumin ya ɗaga gilashin a haske, ya yi tsaki, ya tambaya wa ya dirje shi haka, ko da yashi aka wanke. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni. Ya ce shi ne, tsufa ne ya sa shi karambani.

Aka sa masa gilashin gwaji. Ya karanta allon har layin ƙarshe, ƙananan nan. Bai yarda ba. Ya zaro allurar da ke maƙale a wuyan rigarsa, ya ciro zare daga aljihu, ya zura. Sau ɗaya ta shiga. Ya zare ya sake zurawa. Ya tsaya yana kallon allurar, mai tabarau ya kau da kai ya shiga gyara kayan da ba su buƙatar gyara.

Jiya aka ba shi sabon. Ya je shago da safe, ya dawo da yamma. Ban san abin da ya yanke game da keken ba, kuma ban isa in tambaya ba. Tun ranar, in na gaishe shi yana amsawa, daga nan babu ƙari. Yaya, da dukana ya yi da ya fi min sauƙi.

Ki yi min addu'a. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga babbar 'yata,

Bayan sallama, ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gidanki. Da hannuna na rubuta wannan, kin ga shaida ke nan ido yana nan.

Keke yana wurinsa. Na ba maƙwabcina haƙuri, ya ce dama bai taɓa karɓa a ransa ba.

Maganar ƙanwarki ce ta sa na ɗauki biro. Na yi fushi, gaskiya ne. Amma da na zauna na ga yarinya ba ta kwana goma sha tara da magana a ciki sai in gidan ne babu wurin faɗarta. Tun da mahaifiyarku ta rasu ban zauna da ita na tambaye ta ko da darasin makaranta ba. Ita ce dama mai yi mana magana, ni da ku.

Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinta ina dawowa. Ki rubuto mata ki ce na yafe, kuma ita ma ta yafe min. Ki ba direban amsar gobe in da hali, don yarinyar ta rame.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki