Sunan Isa a Bakina

Madawa, daren Laraba, watan Rajab.

Yau Isa, abokin kiwona kafin a kai shi lakwal karatun boko, ya tsaya wa maigidana Garba makaɗi gaban alƙali. Wani mawaƙin garin Buza ya sace muna waƙar manoma, yana rantsuwa tashi ce.

Isa ya ce wa mawaƙin, "To baba, rera mu ji." Ya rera har ya kai "ɗan Hajo".

"Wace ce Hajo, baba?"

Bai san ta ba. Hajo kuwa uwar Garba ce. Anka kwashe da dariya.

Da la'asar Garba ya sa sunan Isa cikin waƙa. Tun ina yaro nike yi wa Garba amshi, nawa bai taɓa shiga ba. Ban nufin Isa da sharri, Allah shina gani. Amma gobe a kasuwa, da bakina za a amsa sunan nan.