Kafso a Ruwan Kajin Baba

Yaya,

Ina gaishe ki, da maigidanki da yara. Ya jikin Baba? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Ina dafa abinci, sai dai ba kullum yake wucewa ba.

Kin tambayi aikin da ya hana ni zuwa jinyar Inna. A ɗakin bincikenmu muna haɗa ƙwayoyin azurfa ƙanana da ido ba ya gani, su huda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Shekaranjiya muka gwada su a kan irin wadda ta shiga gyambon Inna, wadda likitoci suka yi ta canza mata allura a banza. Yaya, a ɗan farantin gwaji ƙwayar cutar ta mutu, ina kallo. Abokan aiki suna ta tafi, ni kuwa na tsaya a famfo ina wanke hannun da ba shi da datti. Malaminmu ya ce da sauran shekaru kafin ya zama maganin da za a ba mutum.

Ga roƙona. Har yanzu Baba yana fasa kafson magani a ruwan kaji, ko lafiyarsu ƙalau? Haka cuta ke sabawa da magani, ta bi kashinsu. Ban ce daga nan ne ba, amma Inna ke share akurkin, gyambon ƙafarta a buɗe.

Ki lallashe shi ya daina. Ki ce masa komai, amma don Allah kada ki gaya masa dalili. Yana ganin ya yi mata iya ƙoƙarinsa, ki bar masa wannan.

Allah Ya jiƙan Inna.

Autarku