Igiyar da Nake Ɗaura wa Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahama.

Inna, Baba ya fara tafiya cikin barci. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga Kamarawa muka dawo Sabon Birni, bai sake taka gonarsa ba. Yanzu sai ya miƙe ido buɗe, ya saɓi fartanya ya nufi ƙofa, alhali barci yake. Ga 'yan sintirin unguwa, in dare ya yi ba su tambayar suna kafin su ɗana kunamar bindiga.

Kin tuna ranar da na watsa wa Yaya Sani ruwa yana minshari? Kika bi ni da muciya har zaure, kina cewa, "Ba a tada mai barci da ƙarfi, kurwarsa na yawo, bari ta komo gida." Dariya na yi miki a lokacin. Yau ga ni tsaye bayan Baba, na kasa ko kiran sunansa.

A asibiti an ce jikinsa ke farkawa ya bar ƙwaƙwalwa tana barci, wai firgici na kawo haka. Sun ba da ƙwayoyi. Malam ya ba da rubutu. Duk ya shanye bai yi musu ba, kin san shi, kuma bai fasa tashi ba.

Sai na koma ɗakinsa da kwana. In barcinsa ya yi nisa, sai in ɗaura igiya a ƙafarsa in ɗaura a tawa, kamar akuya. Mutumin da ko inuwarsa ba mu tsallakewa! Kunya kamar ta kashe ni, Inna.

Shekaranjiya na makara ban kwance ba. Na tarar da shi zaune yana kallon ƙullin. Na zaci faɗa zai yi. Ya ce, "Ashe kai na. Kullum sai na hango uwarka tahe da hura bakin gona, sai in ji an jaye ni."

In na sake shi, harsashi. In na riƙe shi, na raba shi da ke.

Inna, in da gaske ke ce, don Allah ki ƙaraso, ki kawo masa furar har ɗaki.

Allah ya haskaka kabarinki, ya ba Baba barcin da babu tafiya a cikinsa.

Ɗanki da ya rasa dabara,
Lawali.