Inda Injin Ya Fi Kuka

Litinin, 3 ga Maris

Mijin ƙanwata ya bar min injinsa na gano ƙarfe kafin ya yi tafiya, wai in rage zaman kashe wando tunda shagon gyaran rediyo ya mutu na dawo gidan gona. Sanda ce mai faifai a ƙasa. Ka sa abin sauraro a kunne, in ka bi ta kan ƙarfe sai ya yi ƙara. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ai magulmaci ne, abin da ƙasa ta rufa wa asiri shi yake tonawa." Ƙusoshi na samu yau, da murfin kwalba.

Alhamis, 6 ga Maris

Kai! Kusa da kangon tsohon ɗaki na tono kwabbai masu huji a tsakiya, sun yi kore shar, da wata munduwar tagulla. Ni da furfura a gemu, sai ga ni ina tsalle a gona.

Asabar, 8 ga Maris

Na je aski. Bakina ne ya ja min. Na fito da kwabo ɗaya na nuna wa wanzami, shi kuma ya miƙa wa na kusa da shi, kafin ya dawo hannuna ya zaga shagon kaf. Ina fita na ji wani yana cewa zinariya ce.

Laraba, 12 ga Maris

Ramuka a gefen gona, kuma ba ni na haƙa su ba. Ni ina mayar da ƙasa in na gama. Waɗannan an bar su baki buɗe, ga sawun babur.

Juma'a, 14 ga Maris

Na bi iyakar gona da injin, in ga me suke nema. Ina zuwa bayan rumbu ya tsala wata ƙara da ta sa na fizge abin kunnen. Sai da na ja baya na gane inda nake tsaye. Kabarin Baba.

Inna ta ce ba abin mamaki ba ne. Da damina ya rasu, ruwa ya cinye hanya, babu busasshen itace, sai ita da Kawu suka sa aka rufe shi da kwanon rufin tsohon ɗaki. Ni lokacin ina birni, ban iso ba sai bayan an gama komai. Kawu ma ya bi shi tuni.

Kwano ne kawai. Amma duk injin da ya zo wurin nan haka zai yi ihu, kuma babu dutse, babu alama.

Talata, 18 ga Maris

Maƙwabcinmu Mai Tarakta ya sayo nasa injin, ya fi nawa girma. Da rana tsaka ya shigo da wasu ƙarti da diga. Na tare su. Na ce, "Maƙwabci, ka ji tsoron Allah, bayan rumbun nan mahaifina ne a kwance." Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Malam Rediyo, ko ni ne haka zan ce. Yaushe gawa ta fara kiran inji?"

Ashe da na yi shiru. Da bakina na nuna musu wurin.

Laraba, 19 ga Maris

Ramukan sun matso.

Juma'a, 21 ga Maris

Inna ta ɗauki tabarmarta da buta ta koma gindin rumbu, ta zauna tana fuskantar hanya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a rana. Na ce, "Inna, don Allah ki shiga ciki, ni zan zauna." Ta ce, "Kai da ka jawo su? Tafi ka ba ni wuri." Ban yi musu ba, gaskiya ta faɗa. Na kafa mata rumfa da buhuna.

Masu babur sun zo sun tsaya daga nesa, suna kallonta tana kallonsu. Ba wanda ya gaishe ta. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don a cikinsu akwai waɗanda ta goya.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kwashe tarkacen shago, su ƙusoshi, waya, gwangwani, na binne su nan da can a ƙarshen gona, can nesa da rumbu. Su je su yi ta haƙa. Gonar da Baba ya tsince ta tas, ko tsinke ba ya bari, yau ni nake shuka mata ƙarfe. Haushin kaina ya ishe ni.

Talata, 25 ga Maris

Dabarar ta ci kwana ɗaya. Mai Tarakta ya same ni a bakin rijiya, yau da lallami ya zo. Wai Baba da kansa ya zaɓi wurin tun yana da rai, kowa ya sani. Wai me ya sa nan, ga fili ko'ina? "Kai ka ga kwanon da idonka? Ce maka aka yi." Ya ce in na yarda, gefe kawai za a buɗe, ba za a taɓa mamaci ba, kuma abin da aka samu a raba biyu.

Na zage shi tas. Allah ya isa tsakanina da shi.

Laraba, 26 ga Maris

Na gwada injin a kan wani guntun kwano da na binne a bayan gida. Don in tabbatar ne kawai. Ƙarar ba iri ɗaya ba ce. Ta kabarin ta fi kauri, ta fi zurfi. Ko kunnena ne. Shekara nawa ina gyaran rediyo, kunnena bai taɓa yi min ƙarya ba.

Na tambayi Inna kwano nawa aka sa. Ta dube ni ta ce, "Me ya kawo tambayar?"

Asabar, 29 ga Maris

Inna ta shiga ciki shan magani, sai na sake bin wurin da injin. Sau ɗaya. To, sau biyu. Ta wajen ƙafafu ya fi kuka, kuma ya fita daga layin kabarin da kamar taku guda, wato nan ba a kan Baba ba ne ma, in an duba da kyau. Na ja ɗan layi da ƙafa. Ban haƙa ba, kuma ba ni da niyya. Shebur ɗin da na jingina a jikin rumbu, don kada wani ya ɗauke ne.

Da ta fito ta ga layin, ta ga shebur. Ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a kan layin, ta juya wa hanya baya.

Yanzu ƙofar ɗakina take fuskanta.